Daga ɓargo abin yake farawa: tarihin ciwon da ke rankwafar da iyayenmu mata a Birni

Mun saba kawo muku tarihin sarauta, da yaƙi, da fatauci. Yau cikin gida za mu shiga, wajen iyayenmu mata da kakanninmu, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta ya samu wata tsohuwa a gidansu ya karanta mata.

Kakata ta wajen uwa a Birni ta yi rayuwarta, a wani lungu da ba shi da nisa da fada. Doguwar mace ce. Ina yaro ita ke rataye faifai a wata ƙusa da ke can saman bangon ɗakinta, ba ta ko yin ɗage. Da na girma sai ya zama ni take kira: "Maigida, zo ka ɗauko mini faifan nan, ƙusar ta hau sama." Muna dariya, ina ce mata amarya ta fara gajarta, zan sake wata. Ashe gaskiya muke faɗa cikin wasa. Ƙusa tana nan inda take, Kaka ce ke raguwa. Bayanta ya rankwafa kaɗan-kaɗan har ta koma dogara sanda.

Wata asuba ta fito alwala da buta a hannu, santsi ya ɗebe ta, ta zauna daɓas. Faɗuwar da yaro zai yi sau goma a yini ya tashi yana dariya. Ita ba ta tashi ba. Aka kira mai ɗori, ya yi iya ƙoƙarinsa. Bayan sati uku muka kai ta gidan likita, aka ɗauki hoton ƙashi, wanda muke ce wa radiyo. Lokotoro ya ɗaga hoton wajen haske, ya nuna mana inda wuyan ƙashin cinya ya karye daidai kwatangwalo, ya ce: "Kun san azarar da gara ta ci? Daga waje lafiya lau, ciki babu komai. Haka ƙashin Hajiya yake." Ba ta sake takawa ba, shekara ba ta zagayo ba Allah ya karɓi abinsa. Masu gaisuwa suka ce tsufa ne, kwana ya ƙare. Gaskiya ne kwana ya ƙare. Amma sanadin yana da suna, yana da tarihi, kuma yau yana da rigakafi da magani.

Abin da mahauta suka riga sani

Je ka wajen mahauta a Kasuwar Dole ka tambaye su bambancin ɓargon maraƙi da na tsohuwar saniya. Za su gaya maka na ƙaramar dabba ja ne, mai jini-jini, na babba kuwa ya koma fari ko rawaya, kitse zalla. Za su ƙara maka da cewa dabbar da ta sha wuya a ƙarshen rani ɓargonta ruwa-ruwa yake komawa. Wannan ilimi ya daɗe a hannun ƴan fawa. Abin da ba a sani ba shi ne aikin da ɓargon yake yi, da kuma dalilin da ya sa yake canza launi.

A shekarar 1868, lokacin Sarki Tanimu yana kan gadon Damagaram, ganuwar Birni tana tsaye da ƙarfinta, wani likita Bajamushe mai suna Ernst Neumann a birnin Königsberg ya gano cewa a cikin ɓargo ake ƙera jini. A 1882, shekara biyu kafin rasuwar Tanimu, ya sake bayyana wani abu: jariri ana haihuwarsa da jan ɓargo a dukkan ƙasusuwansa, sannan kitse ya riƙa cin wurin, yana farawa daga yatsu da ƙafafu da hannaye yana nufo tsakiyar jiki. Kafin mutum ya kai shekara 25, jan ɓargo ya tattara a ƙashin baya, da haƙarƙari, da ƙashin ƙirji, da ƙugu, da ƙoƙon kai, da kawunan manyan ƙasusuwa. Kun ga abin da mahauci ya gani a saniya, shi ne Neumann ya gani a ɗan Adam.

Shi kuwa ciwon kansa, tun kafin nan aka raɗa masa suna. A shekarun 1820 wani likitan fiɗa na Landan, Astley Cooper, ya lura cewa ƙashin tsofaffi yana yin sirara da rashin nauyi, kuma wuyan ƙashin cinyarsu yana karyewa da ƙaramin dalili. Wajen 1833 wani Bafaranshe a Strasbourg, Jean Lobstein, ya ga ƙashi mai ramuka fiye da ƙima ya kira shi ostiyoforoz, wato ƙashi mai huji-huji. Mu a nan bari mu kira shi zaizayar ƙashi. Sai dai daga Cooper har Lobstein babu wanda ya san dalili. Shekara ɗari cur likitocin Turai suna faɗin abin da masu gaisuwar Kaka suka faɗa: tsufa ne.

Tantabara ta buɗe ƙofa

Abin mamaki, daga tantabara haske ya fara fitowa. A 1934 wasu masu bincike a Amurka sun lura cewa macen tantabara, idan ta kusa yin ƙwai, ramin ɓargonta yana cika da sabon ƙashi, wanda daga gare shi take ɗibar sinadarin da take yin ɓawon ƙwai. Namiji ba ya yin haka. Bayan ƴan shekaru aka yi wa mazan tantabaru allurar istirojin, sinadarin da gidan ƙwan mace ke fitarwa, sai ga ƙashi ya tsiro a nasu ɓargon su ma.

Wani likita a birnin Boston, Fuller Albright, ya riƙe wannan labari a ransa. Ya duba majinyatansa masu zaizayar ƙashi waɗanda ba su kai shekara 65 ba, su 42. Sai ya tarar 40 daga cikinsu mata ne da al'ada ta ɗauke musu. Wasu ma tun suna da ƙuruciya aka cire musu gidan ƙwai ta hanyar fiɗa, kuma ciwon ya riske su da wuri. A 1940 da 1941 ya fitar da sakamakonsa: idan jinin haila ya yanke, istirojin ya ragu, ƙashi ya fara tafiya. Lokacin nan Damagaram tana hannun Nasara, hedikwatar ƙasa ta koma Yamai tun 1926, duniya tana cikin yaƙi na biyu. Wa zai kawo wa matan Birni wannan labari?

Don mu gane abin da Albright ya gano, mu tuna gidajenmu na ƙasa. Kowace shekara kafin damina sai an kankare inda bango ya tsage, an kwaɓa ƙasa, magina sun yi sabon yaɓe. Gidan da ake yi wa haka yana iya ganin jikoki da tattaɓa kunne. Wanda aka bari, damina uku ta ishe shi. Ita kanta ganuwar Birni, da tsayinta da kaurinta, yau sai ɗan abin da ya rage ake nuna wa baƙi. To ƙashi ma haka yake, ba ya zaune kamar dutse. Akwai ƙwayoyin halitta masu kankare tsohon ƙashi, akwai magina masu zuba sabo. A shekara guda ana sabunta wajen kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan baligi. Daga haihuwa zuwa wajen shekara 30 magina ne ke kan gaba, daga nan a yi kunnen doki, sannan a fara raguwa a hankali.

Istirojin shi ne linzamin da ke riƙe masu kankara. Yawancin mata al'ada tana ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55. Da zarar linzamin ya tsinke, masu kankara su yi ta aiki ba ji ba gani, magina su kasa cim musu. A shekarun da ke kewaye da ɗaukewar al'ada mace tana iya rasa wajen kashi 2 cikin 100 na ƙashin bayanta kowace shekara. Babu zazzaɓi, babu kumburi, babu abin da zai gaya mata. Shi ya sa likitoci ke kiransa ɓarawon da ba ya motsi.

Uwa ɗaya, ƴaƴa iri biyu

Saura tambaya ɗaya: su maginan me ya hana su ƙaruwa su rama? A nan ne ɓargo ya sake shigowa cikin labarin.

A shekarun 1960 da 1970 wani masani a Mosko, Alexander Friedenstein, ya riƙa ɗibar ɓargon ɓera yana dasa shi a jikin ƙodar wani ɓeran. Sai ƙashi ya tsiro a wurin, inda babu ƙashi a da. Ya bi diddigi har ya gano wasu ƙwayoyi ƙalilan a cikin ɓargo, dabam da masu ƙera jini, waɗanda ba su fi ɗaya cikin dubu 10 zuwa dubu 100 ba. Waɗannan su ne iyaye. Uwar ƙwaya guda tana iya haifar magini mai yin ƙashi, tana iya haifar guringuntsi, tana kuma iya haifar ƙwayar kitse. A 1991 wani Ba'amurke, Arnold Caplan, ya ba su sunan da ake kiransu da shi yau a littattafan likita.

Ana cikin haka, a 1971, zamanin shugaba Diori Hamani, wani likita a birnin Lyon na Faransa, Pierre Meunier, tare da abokan aikinsa suka ɗebi ɗan guntun ƙashin ƙugu daga mutane 84 suka duba a madubin likita. Abin da suka gani a fili yake: inda ƙashi ya zaizaye, kitse ya cika gurbin a cikin ɓargo. Da farko an ɗauka kitsen cike gurbi kawai yake yi, kamar ciyawar da ke fitowa a kango. Da aka haɗa binciken Lyon da na Mosko sai aka gane abin ya fi haka. Tunda uwa ɗaya ce ke haifar magini da kitse, duk ɗan da ta tura wajen kitse, magini guda aka rasa.

Ku ɗauka gida ne mai ƴaƴa goma. A da bakwai suna bin ubansu wajen gini, uku suna zaman gida. Sai zamani ya juya, bakwai suka zauna, uku kaɗai ke fita, ga shi kuma masu kankara sun ninka. Yaya bangon zai tsaya?

A 1994 aka gano makunnin da ke tura ƙwaya ta zama kitse, wanda masana ke kira PPAR-gama. A 1997 aka gano na ƙashi, Runx2. Ɓerayen da aka cire wa wannan na biyun an haife su babu ƙashi mai tauri ko ɗaya, sai guringuntsi, kuma ba su rayu ba. Makunnan nan biyu kishiyoyi ne, idan ɗaya ta samu fada ɗayar ta ja baya. Istirojin yana goyon bayan ta ƙashi. Tsufa da ɗaukewar al'ada suna goyon bayan ta kitse. An tabbatar da haka a jikin mata: a 2008 a asibitin Mayo na Amurka an nuna cewa istirojin na shekara guda yana hana kitsen ɓargo ƙaruwa a matan da al'ada ta ɗauke wa, a 2015 kuma a Amsterdam an ga kitsen ya fara raguwa cikin sati biyu kacal. Binciken baya-bayan nan a kan ɓeraye ya ƙara nuna cewa kitsen ɓargo yana fitar da sinadarin da ke zuga masu kankara. Wato bayan ya ƙi aikin gini, har hura wuta yake yi.

A kula da abu biyu a nan, don na san tambayar za ta zo. Na ɗaya, kitsen ɓargo dabam yake da teɓa. Matan da suka rame ƙwarai saboda ƙin cin abinci, an auna an ga ɓargonsu ya fi cika da kitse, kuma siririyar mace mai ƙaramin jiki ta fi shiga haɗarin karaya. Na biyu, ɓargon da muke tsotsa a miya ciki yake zuwa kamar kowane abinci, ba ya wucewa cikin ƙashinmu. A ci don daɗi, kada a ɗauke shi magani, kada kuma a ɗauke shi guba.

Me ya kare kakanninmu, me ya canza?

An daɗe ana cewa wannan ciwon Turawa ne. A 1968 wani likitan ƙashi a Johannesburg, Louis Solomon, ya ba da rahoton cewa karayar kwatangwalo ba ta da yawa a wajen baƙar fata. A Gambiya ma, a ƙauyen Keneba inda masu binciken Ingila suka daɗe suna aiki, wani nazari na 1996 ya nuna tsofaffin mata ƙashinsu ya yi sirara sosai amma karaya ba ta cika samunsu ba, duk da cewa kalsiyam ɗin da suke samu a abinci bai wuce miligiram 300 zuwa 400 a yini ba, alhali abin da ake so ga mace mai shekaru ya kai 1000 zuwa 1200.

Idan muka duba rayuwar matan Birni ta da za mu ga wasu dalilai. Damagaram a kan duwatsu take, matsalar ruwanta tsohuwa ce, har tana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke hedikwata zuwa Yamai. Mace ta tashi da asuba ta yi surfe, ta yi daka, ta yi niƙa a kan dutse, ta ɗauki tulu ta tafi rijiya ta dawo, wani lokaci sau da yawa a yini, rana tana dukanta. Tun 1892 Julius Wolff a Balin ya bayyana cewa ƙashi yana ƙara ƙarfi daidai da nauyin da yake ɗauka, kuma gwaje-gwajen zamaninmu sun nuna motsa jiki yana karkata uwar ƙwayar ɓargo wajen yin magina. Hasken rana kuma shi ke sa fata ta ƙera bitamin D, wanda ke taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam. Ga fura da nono, ga miyar kuka, wadda ganyenta ke cikin ganyayen da suka fi kalsiyam, ga riɗi, ga zogale. Gero da dawa su kaɗai kalsiyam ɗinsu kaɗan ne, nonon da miyar ne ke cike giɓin.

Amma kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba tata ba. Wannan aiki wahala ne, ya ci wuyan mata da gwiwoyinsu, kuma a manyan gidaje na zamanin sarauta bayi ne da talakawa suka ɗauki mafi yawansa. Akwai kuma dalili mai ɗaci: mata da yawa ba su kai shekarun da ciwon ke bayyana ba. A 1960, shekarar samun ƴancin kai, matsakaicin tsawon rai a Nijar bai kai shekara 40 ba. Haihuwa, da ƙyanda, da sanƙarau, da yunwa sun riga zaizayar ƙashi zuwa. Waɗanda suka tsufa suka karye kuma a ɗaki suka kwanta, babu wanda ya rubuta su a littafin asibiti.

Yau tsawon rai ya haura shekara 60, alhamdu lillahi. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Damagaram tana da mutane sama da miliyan 3 da rabi, ta fi kowace jiha yawa a ƙasar. Ƴan matan da ke cika lungunan Birni da Zango da Sabon Gari da Garin Malam yau, su ne tsofaffin gobe, kuma za su fi kakanninsu yawa nesa ba kusa ba. Inji ya karɓi niƙa, ƴan ga-ruwa da pampo sun karɓi tulu, kabu-kabu ya karɓi tafiya, lemun kwalba da taliya suna ture fura. Babu mai son a koma wahalar da. Sai dai ƙashi bai san da wannan sauyi ba, har yanzu nauyi da rana da kalsiyam yake nema. Nazarce-nazarcen da aka yi kwanan nan a Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Gambiya sun nuna karayar kwatangwalo tana nan a wajen baƙar fata fiye da yadda aka zata, kuma za ta ƙaru yayin da tsofaffi ke ƙaruwa. A duniya baki ɗaya ana ƙiyasta mace ɗaya cikin uku da ta haura shekara 50 za ta gamu da karayar zaizayar ƙashi, namiji kuma ɗaya cikin biyar. Cikin waɗanda kwatangwalonsu ya karye, wajen ɗaya cikin biyar ba ya cika shekara.

Wata za ta tambaya: yawan haihuwa da shayarwa fa? Ƙididdigar lafiya ta 2012 ta ce macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici. Mai shayarwa tana zuba wa jariri miligiram 200 zuwa 300 na kalsiyam a nono kowace rana, kuma wani ɓangare daga ƙashinta yake fitowa. Cikin rahamar Allah, bayan yaye ƙashin yana dawowa. Shi ya sa hutun da iyayenmu ke nema wa mace tsakanin haihuwa da haihuwa, da gudun kwanika, akwai hikima a ciki. Yarinyar da ta ɗauki ciki tana ƴar shekara 15 kuwa, a tuna nata ƙashin bai gama ginuwa ba, tana buƙatar abinci na mutum biyu masu girma.

Sha ka fashe

Yanzu ga abin da ya sa na ga dole a yi wannan rubutu. Duk mun san ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a tebur da kan kekuna da ranar kasuwa, waɗanda ake yi wa laƙabi da sha ka fashe. Amare suna sha kafin biki, masu jego suna sha, har da iyaye mata masu son a ce miji yana kula da su. Da yawansu dekizametazon ne ko danginsa na kotizon. Magani ne mai amfani idan likita ya rubuta shi don asma ko wani ciwo. Amma ku tuna kishiyoyin nan biyu na cikin ɓargo. Kotizon yana danna makunnin kitse, yana kashe magina, yana rage kalsiyam ɗin da hanji ke tsotsa. Wata uku ana sha kullum ya isa ya fara cin ƙashi. Fuska ta yi zagaye kamar wata, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, hawan jini da ciwon suga su biyo baya. Mai sha tana ganin ta yi jiki, alhali tana jawo wa kanta tun tana shekara 25 abin da ya samu Kaka a 70. Wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da irin wannan sinadari, kuma fata tana tsotsarsa. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, hakan yana da haɗari. Ta je ta gaya wa likita gaskiya, ya rage mata a hankali.

Haka kuma akwai wasu magungunan ciwon suga, rozigilitazon da fiyogilitazon, waɗanda aikinsu shi ne kunna PPAR-gama. A 2006 wani babban gwaji ya nuna matan da ke shan na farkon sun fi karyewa. Mai ciwon suga kada ta bar maganinta saboda wannan rubutu, ta dai nuna wa likita kwalin ta tambaya.

Abin yi

A 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da ma'aunin gane ciwon ta hanyar na'urar da ke auna kaurin ƙashi. Irin wannan na'ura ba ta da yawa a ƙasashenmu, hoton radiyo kuma ba ya nuna zaizaya sai wajen kashi 30 cikin 100 ya tafi. Don haka idonmu ne na'urar farko. Idan tsohuwa ta ragu a tsayi da kamar santimita 4, ko bayanta ya fara rankwafa, ko ciwon baya ya taso mata farat ɗaya bayan ta sunkuya, ko ta karye a wuyan hannu daga faɗuwar tsaye, a kai ta gidan likita a ambaci sunan ciwon. Karaya ta farko gargaɗi ce, ta biyu tana tafe. A sani kuma ba kowane ciwon ƙashi ne wannan ba. Sanyin gaɓoɓi dabam, lanƙwashewar ƙafafun yara dabam, abin da ruwa mai yawan fuluwo ya yi wa yaran Tibiri ta Maraɗi shi ma dabam.

Magani akwai. Tun 1995 ake amfani da alandoronat, ƙwaya mai rage gudun masu kankara, akwai wadda ake sha sau ɗaya a sati. Shi istirojin, babban gwajin da aka fitar a Amurka a 2002 ya nuna yana rage karaya, amma haɗinsa da wani sinadarin yana ƙara haɗarin sankarar nono da daskarewar jini, saboda haka sai da shawarar likita. Masu ɗorinmu sun taimaki al'umma shekaru aru-aru, ba mu raina su. Amma tsohuwar da ta faɗi ta kasa taka ƙafa, ƙafar ta gajarta ta juya waje, wannan karayar tana can ciki inda kara da tsumma ba sa kaiwa. A kai ta asibiti a ranar. Sati ukun da muka yi muna jira har yau yana ci mini rai.

Sauran kuma a hannunmu yake. Kofin nono guda yana da wajen miligiram 300 na kalsiyam, a saya wa Inna kullum kamar yadda ake sayen katin waya. A yawaita kuka da zogale da riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya. A bar ta ta taka zuwa gidan suna da makarantar Islamiyya, ta sha hantsi a tsakar gida, kada a ce zauna ki huta har ƙafa ta mutu. A gyara santsin makewayi, a sa fitila a hanyar da take bi da asuba, a duba mata ido, a sa mata abin kamawa a bango. Ƴan mata kuma a ciyar da su tun yanzu, domin ƙashin da aka tara kafin shekara 30 shi ne rumbun da za a ci har ƙarshen rayuwa.

Ranar 20 ga watan Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da zaizayar ƙashi ta duniya. Kafin ta zo, kowa ya tsayar da mahaifiyarsa jikin bango ya sa alama da gawayi daidai kanta, badi ya sake aunawa. Ƙusar Kaka tana nan a bangon ɗakinta, da mun san abin da take gaya mana da mun tashi tun da wuri. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyayenmu tsufa mai lafiya, ya ba mu ikon kula da su. Amin.